Wuƙar da Surukina Ya Wasa

A lokacin ni injiniya ne a Gaithersburg ta ƙasar Amurka, ga albashi ga girman kai, ina ganin na fi duk wanda ya taho daga gida wayewa. Wani Bature abokin aikina ne ya jefa ni jarabar tara tsofaffin wuƙaƙen farauta na Jamus, masu ƙotar ƙahon barewa. Duk Asabar ina kasuwar kayan tarihi, wasu tsofaffi masu tumbi suna yi min huɗubar cewa tsohuwar wuƙa ba a wasa ta, ba a goge mata tsatsa, kana taɓa ta darajarta ta zube. Na haddace kamar karatun allo. Har akwatin gilashi na saya na jera su a falo. Wadda na fi so ita ce mai zanen barewa da kare a jikin ƙarfenta.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah surukina ya iso daga Kano. Mahauci ne, shekara arba'in yana fawa, da ita ya ilmantar da 'yarsa da nake aure. Ranar jajibere na dawo daga aiki na iske shi a baranda da dutsen washin da ya taho da shi, yana wasa wannan wuƙar tawa. Barewa ta tafi, kare ya tafi, sai ƙarfe ke ƙyalli. Yana murmushi ya ce ya ga wuƙaƙena duk sun dakushe ne ya tausaya min, gobe da wannan zai yanka mana ragon layya a gona can Upper Marlboro.

Idona ya rufe, na manta da surukuta. Na ce masa bagidaje, na ce mahauci bai san komai ba sai jini da kayan ciki, wa ma ya ba shi izinin taɓa min kaya. Duk a gaban matata. Ya goge wuƙar da gefen rigarsa ya mayar akwati. Washegari ya ƙi zuwa yanka, ya ƙi taɓa naman, mako bai cika ba ya koma.

Da hankalina ya dawo na bi shi har Kano na durƙusa. Ya ce ya yafe. Amma mutumin da a da yake ce min ɗana, har ya rasu injiniya yake kirana. Matata tana nan, sai dai rabon da ta yi dariya ina wurin na manta.

Har yau ina jin haushin tsofaffin nan da huɗubarsu, na fi jin haushin kaina da na fifita tsatsa a kan dattijo. Ku da kuke ƙasar waje, ku yi hattara da abin da kuke sakawa a gilashi kuna bauta wa. Sauran wuƙaƙen na kwashe su na zubar. Wadda ya wasa ce kaɗai ta rage, duk Sallah da ita nake yanka, kuma ba ta taɓa dakushewa ba.