Malam Cornelius, Mun San Babban Birnin Mongoliya Ba Mu San Garinka Ba

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Cornelius Micah, tsohon malamin labarin ƙasa, wanda ya kafa gasar kacici-kacici tsakanin yaran Samaru da na Sabon Gari, ya riƙe ta shekaru masu yawa. Ya rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya, muka binne shi a Sabon Gari a ƙarshen wancan makon. Tun a lokacin ya kamata in rubuta ta'aziyyarsa. Gara da ban rubuta ba, don da na ƙara ƙarya a kan wadda muka riga muka yi masa.

Malam, da kai nake, kuma kaina a sunkuye yake.

Duk wanda ya tashi a wannan gari ya san Asabar ɗin gasarka. Benci biyu a harabar coci, ƙararrawar keke guda biyu da ka kafe a jikin katako, kai kuma a tsakiya da alli a bayan kunne. Ba ka taɓa tambayar yaro addininsa ba kafin ka zaunar da shi. Yaran Samaru, 'ya'yan malaman jami'a, suna kiranmu 'yan tireda. Mu na Sabon Gari, da 'ya'yan sojojin barikin Basawa a cikinmu, muna kiransu 'yan madara. Kai kuwa sai ka jefo tambaya ka bar mu mu ci junanmu. Wace dabba ce mai shayarwa take tashi sama? Ƙasashe nawa ne suka kewaye Tafkin Chadi? A wace shekara aka haɗe Kudu da Arewa?

Dokarka ce ta bambanta gasarka da ta kowa. Amsa daidai maki uku. Wanda ya danna ƙararrawa ya ce “ban sani ba”, maki ɗaya. Wanda ya yi cinke kuwa, ya faɗi ƙarya da buɗaɗɗen ƙirji, a zare masa biyu. Iyaye sun sha yi maka ƙorafi cewa kana ba jahilci lada. Ka ce musu wanda ya san bai sani ba ya kama hanyar makaranta, mai cinke kuwa ya riga ya sallami kansa.

Ina tuna ranar da Japheth, wanda yau babban lauya ne, ya miƙe ya ce Sydney ce babban birnin Ostareliya, da murya kamar mai shelar sarki. Ka dube shi ta saman tabarau ka ce, “Japheth, da a ce da ƙarfin murya ake ƙaura da birane, da tuni ka dawo da Legas Palladan. Zauna.” Ina kuma tuna tawa ranar. Na kawo maka tarihin kogin Nilu tun daga tushe har teku, sai ka ce, “To, Scholastica, ina kogin Kubanni yake zuwa in ya bar Samaru?” Na ce ban sani ba. Ka ba ni makina ɗaya, ka kuma kwashe mu a ƙafa wata Asabar har muka ga inda ruwan yake neman kogin Galma. A hanya ka saya mana rake, ka ce wanda ya san Nilu bai san Kubanni ba baƙo ne a ɗakin uwarsa.

Wannan maganar ce take hana ni cin abinci yanzu.

Da ka rasu, mu tsofaffin 'yan gasarka muka taru a Samaru don shirya jana'iza, tunda matarka ta daɗe da rasuwa kuma Allah bai ba ku haihuwa ba. A ɗakin akwai farfesa, akwai likita, akwai lauya, akwai ni mai taƙama da karatun littattafai. Fasto ya yi tambaya guda: ina ne garin Malam, a aika wa danginsa? Babu wanda ya iya buɗe baki ya faɗi kalmomi ukun nan da ka yi shekaru kana biyan mu maki a kansu. Barista Japheth ya gyara zama ya ce, “Ai mutumin Kafanchan ne, wa bai sani ba?” Dakta Folasade ta ce kamar ta taɓa jin ka ambaci Zonkwa. Hujjarmu ke nan kaf: Kirista ne, sunansa Cornelius, ya iya Turanci, saboda haka daga kudancin Kaduna ya fito. Aka yi ta sanarwa a coci-cocin can, ba wanda ya amsa, muka ce ai dangin sun ƙare. Ni da hannuna na rubuta tarihin rayuwarka da aka karanta a gaban akwatinka. Na sa Kafanchan, har na ƙawata da duwatsu da sanyin safiya. Mutane suka yaba da rubutun.

Bayan Ista sai ga mai gidan da kake haya a Palladan ya kawo mini wata tsohuwa har gida a Muchia. Ta zo da ƙullin daddawa da ɗan buhun dawa, ta buga ƙofarka, wani baƙo ya buɗe. Sunanta Mama Elizabet, yayarka ce uwa ɗaya uba ɗaya. Daga wani ƙauye a bayan Giwa ta taso, tafiyar da mai babur yake yi ya dawo kafin azahar. Hausawa ne ku tun kaka da kakanni, mahaifinku ne ya fara shiga coci. Duk Ista da duk kaka kana wurinta, rashin ganinka a Istar bana ne ya sa ta biyo sawunka. Mun sha ganinka ka dawo da dawa a bayan keke, ba wanda ya taɓa cewa, Malam, daga ina? Hausar bakinka ma, wadda ko a cikin ganuwa sai an tsaya an saurara, ba ta sa mun yi tunani ba.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi kujera, ta ce, “'Yar nan, wa ya zuba masa ƙasar fari?” Ta gaya mini cewa a gidanku ba a rufe mutum sai ɗan ɗakinsu ya fara zuba ƙasa da hannunsa, kuma tun da daɗewa ka nuna wurinka a gindin ɗorawa, kusa da mahaifiyarku. Sannan ta ɗago ta ce, “Ku da aka ce ya koya muku sunan kowane gari a duniya, cikinku wa ya san sunan da uwarsa take kiransa?”

Na ce, “Mama, ban sani ba.”

Ta ce, “Abarshi.”

Na kira Barista Japheth a waya. Ya ce, “Scholastica, abin da ya wuce ya wuce. An riga an sassaƙa dutsen kabari, a lallashi tsohuwar ta koma gida, kada ki tona mana asiri a gari.” To, Barista, ga shi na tona, kuma da nawa na fara. Wanda ya zare maka maki biyu kana yaro ba ya nan, amma ni ina nan, kuma dutsen da aka rubuta Kafanchan ba zai kwana a kan Malam ba muddin ina da rai. Duk wanda ya taɓa danna ƙararrawar keken nan ya sani: Abarshi Cornelius Micah sunansa, Bahaushe ne daga bayan Giwa, kuma yana da 'yar'uwa a raye.

Malam, na kai Mama Elizabet kabarinka. Ta durƙusa ta yi maka magana a hankali, ban matsa kusa ba don ban cancanta in ji ba. Ta zuba ƙasar da ya kamata ta zuba tun farko, ta ɗebi wata a tafin hannu ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce za ta kai gindin ɗorawa. Da za ta hau mota ta miƙa mini daddawar, ta ce ba za ta koma da abincin ƙanenta ba. Na karɓa da hannu biyu. Har yau na kasa buɗe ƙullin.

Malam, Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya gafarta kurakuranka, ya ba ka hutawa a cikin salamarsa, ya sada ka da mahaifiyarka da muka raba ka da makwancinta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Elizabet da 'ya'yanta da dukan gidan Micah, tare da roƙon gafara a madadin duk wanda ya zauna a ɗakin nan na Samaru. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya kuma ba ku haƙuri da mu. Mu kuma Allah ya buɗe bakinmu mu iya cewa ba mu sani ba tun kafin a rufe ƙasa. Amin.

Scholastica Henry
Muchia, Sabon Gari