Ranar da Saude Ta Tsallake 'Yar Muntaka

Duk wanda ya yi wayo a Karaye lokacin da ake yayin kaset, ko bai san sunan kakansa ba ya san muryar Saude. Mai shayi ya sa ta, mai faci ya sa ta, direban a-kori-kura ya sa ta har batir ya yi sanyi. Yau kuwa in ka shiga ƙauyen da take zaune a can ƙasar Gwangwan ka tambayi gidanta, da leɓe za a nuna maka daga nesa. Ba mai yarda ya miƙa yatsa, wai kada a riƙe masa.

'Yar Daura ce, tamu ta nan Karaye. Ubanta manomin gyaɗa, uwarta mai ƙuli-ƙuli. A bakin turmi ta fara waƙa, daga nan sai gidajen biki. A wani biki ne wani mai ɗaukar bidiyo da ake kira Maikuɗi ya ji ta, mutumin da ko takalmin ƙafarsa na wansa ne. Ya yi ta zarya gidansu wata uku, yana durƙusawa har gwiwar wandonsa ta koɗe, kafin uban ya yarda ta tafi Kano ta zauna a hannun gwaggonta.

A sana'ar fim yawanci fuska daban, murya daban. Wata ta rera a situdiyo, wata mai jar fata ta zo ta motsa baki tana juya ido, a yi mata tafi. Saude ita ce mai muryar, ita ce mai fuskar. Waƙarta ta zoben da ya faɗa ruwan Challawa sai da ta hana amare barci shekara biyu, har an ce wani sakarai daga Zoza ya je bakin dam ɗin da niyyar nutso. Ta fito a fim ya fi ashirin. A yawancinsu aikinta kuka ne da rawa a cikin ruwan sama, ruwan saman kuma wani ƙato ne a kan katanga riƙe da tiyo.

Sai aka zo fim ɗin Tukunyar Kurwa. Dattijuwar da aka shirya za ta fito a mayya ta ce ita tana da jikoki, ta ɗauki mayafinta ta tafi. Rana na yi, an riga an ɗauko kyamarar haya. Maikuɗi ya dubi Saude.

"Ke za ki yi."

"Ni? Me zan ce?"

"Oho. Ke mayya ce, kin kama kurwar yarinya kin sa a tukunya. Yi yadda ya zo miki."

Haka ake aiki a lokacin. Ba a rubuta komai. Darakta ya faɗa maka ko kai wane ne, sauran magana kai da bakinka. Saude ta shafa gawayi a ƙasan ido, ta tuno labaran da kakarta ke tsorata su da su suna yara, ta tsuguna gaban tukunya. Ta lashe leɓe, ta leƙa ciki, ta fara yi wa tukunyar waƙar reno da wannan muryar tata mai zaƙi. Sau ɗaya aka ɗauka. Mai kyamara da ya gama sai da ya yi a'uziyya, Maikuɗi kuwa ya yi ta tsalle yana cewa sun haye.

Bayan shekara ta auri Mijinyawa, direban bas ɗin da ke kai su wurin ɗauka. 'Yar fim in ta yi aure ta bar fim, wannan ba sai an faɗa ba. Ya kawo ta ƙauyensu, inda ba wuta ba talabijin. Mutanen garin sun san muryarta a rediyo, amma ba su taɓa ganin fuskarta da gawayi ba. Ta haifi 'ya ɗaya, Munawwara. Yarinyar na da shekara tara mota ta kife da Mijinyawa a hanyar Kano. Saude ba ta koma gida ba. Ta ɗauko sana'ar uwarta, suyar gyaɗa da matsar mai. Kaset ya mutu, faifai ya zo shi ma ya mutu, Maikuɗi ya koma sayar da cajar waya. Saude ta zama Inna Saude mai ƙuli, wadda in yaro ya zo sayen na hamsin sai ta ƙara masa gyara ya fi abin da ya saya.

Munawwara ta girma, ta yi saurayi, Ja'afar, tela a Karaye. An kawo kayan sa rana, an ce sai an cire amfanin gona. Saude ta fara tara kwanuka a ƙarƙashin gado.

Waya ce ta tono abin. Muntaka, maƙwabcinta da katanga ɗaya ta raba su, ya je kasuwar Rogo ya ba masu tura finafinai wayarsa ya ce a cika masa da tsofaffi. Cikin abin da aka zuba masa har da Tukunyar Kurwa. Da yamma aka taru a gindin mangwaro ana kallo, kai bisa kai. Dariya aka fara yi. Matasa suka dinga zuwa ƙofar gidanta.

"Inna Saude, ashe ke ce! A sam mana miyar tukunyar mana."

"Ku tafi can, 'ya'yan banza. Kurwarku ko gishiri ba za ta ji ba."

Ita ma daɗi ta ji. Shekara ashirin ba wanda ya tuna ta taɓa tsayawa gaban kyamara. Wayar ta shiga cikin gidaje, mata suka kalla, yara suka kalla. Ranar wata suna, Iya Safiyatu, uwar Muntaka, ta tare ta a gaban mata.

"Saude, ni kam in tambaye ki. Waɗannan maganganu da kika yi wa tukunya, wa ya rubuta miki?"

Da ta ce Maikuɗi ne, da ƙila an wuce wurin. Amma mai sana'a ba ya so a ba wani aikinsa. Ta gyara ɗauri ta ce, "Rubutu? Iya, mu a zamaninmu ba a rubuta mana. Duk daga cikina ya fito."

Ba wadda ta yi dariya. Iya Safiyatu ta ce, "Allah sarki," ta ci gaba da ɓare goronta.

Damina ta yi tsakiya, sauro ya yi sarauta. Sadiya, 'yar Muntaka mai shekara shida, wadda ta kalli fim ɗin ya fi sau goma a cinyar ubanta, ta kwanta da zazzaɓi. Kwana biyu ana jiƙe-jiƙe. A na uku da hantsi ta fara fizge-fizge, ido ya juye, tana cewa, "Inna Saude, buɗe tukunyar. Inna Saude, buɗe."

A ƙasarmu in mara lafiya ya kira suna, an gama shari'a.

Saude na tsakar gida tana murza tunkuza ta ji hayaniya a zaure. Kafin ta wanke hannu an cika gidan. Muntaka na gaba, matarsa Khadijatu na biye da shi ɗauke da yarinyar a kafaɗa, Iya Safiyatu na dogara sanda. Aka shimfiɗa Sadiya a tabarma a gabanta.

Muntaka ya kasa haɗa ido da ita. "Inna, don Allah ki yi haƙuri. Tsallake kawai za ki yi, sau uku. Ba mu zo da rigima ba."

Saude ta san abin da ake nufi, kowa ya sani. Wadda ake zargi da maita in ta tsallake mara lafiya, ta saki kurwarsa. Kuma ta amsa cewa ita mayya ce. Maita kuwa, a faɗar mutane, a nono ake sha. Uwa in ta amsa, ta amsa har da 'yarta.

Ta dubi taron ɗaya bayan ɗaya, duk masu cin gyararta ne.

"Muntaka, na mutu sau huɗu a fim, ba wanda ya zo mini ta'aziyya. Na auri miloniya a fim, ba wanda ya zo maula. Sai maita ce kaɗai ta zama gaskiya?"

Wani a baya ya yi dariya, aka harare shi ya haɗiye.

Ta tsuguna ta taɓa goshin yarinyar, Iya Safiyatu ta buge hannun da sanda. Amma ta riga ta ji. Jikin kamar kaskon suyarta.

"Wannan zazzaɓin sauro ne ya hau kai. Ku ɗora ta a babur ku kai ta asibiti Rogo yanzun nan."

"Ba inda za ta," in ji Iya Safiyatu. "Wanda aka kama ba a yi masa allura. Ana tsira masa ya tafi. A sake ta tukuna, sannan a kai ta ko Makka ne."

"Muntaka, 'yarka ce fa."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, uwata ce."

Munawwara ta fito daga ɗaki ta riƙe haɓar zanin uwarta. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Inna, kada ki yi. Wallahi in kika yi kin kashe ni. Dangin Ja'afar ko a hanya ba za su ƙara gaishe mu ba."

"Na sani."

"To ki rantse musu da Alƙur'ani mana!"

Saude ta rantse, sau uku. Iya Safiyatu ta ce ai wata mayyar ba ta san tana yi ba. Sai Khadijatu ta matso. Ta zube a ƙasa ta kama ƙafafun Saude, hawaye na zuba a kan man gyaɗar da ya ɗiga a yatsunta.

"Inna, ni ban ce ke ce ba. Ban ce ba ke ba ce. Ita kenan gare ni. Ki taimake ni su bar ni in tafi da ita."

Yarinyar ta sake miƙewa ta sanƙare, kumfa a gefen baki. Saude ta taɓa ganin irin wannan. Ta san ba ya jiran la'asar.

Ta ɓamɓare yatsun Munawwara daga zaninta ɗaya-ɗaya.

"A kawo babur ƙofar gida, a tayar da shi in ji ƙararsa. Sannan."

Aka ruga aka kawo. Da ta ji injin na kuka, ta tattare zani ta tsallake. Ta juyo ta tsallake. A na uku ta kusa faɗuwa, ba wanda ya tare ta. Matar da ta yi rawa a ruwan tiyo gaban Kano gaba ɗaya, wannan ne fitowarta ta ƙarshe, kuma ba a yi tafi ba. Wata tsohuwa dai ta ce, "Kun gani ko."

Muntaka ya suri 'yarsa, babur ya tashi. Gidan ya watse kamar an yi ruwa. Munawwara ta shiga ɗaki ta turo ƙyaure.

Kwana huɗu Saude tana roƙon Allah ya tashi kafaɗar yarinyar, alhali ta san abin da warkewar za ta tabbatar. Allah ya amsa. Ranar Laraba aka dawo da Sadiya a gaban babur tana shan rake. Ledar ruwa uku aka ƙara mata da allurai, amma ba wanda ya yi maganar allura a garin. Abin da aka ce shi ne, ana tsallakewa ta warke.

Ranar Juma'a gwaggwannin Ja'afar biyu suka zo daga Karaye. Suka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina damina, yaya ƙoƙari. An kawo musu ruwa ba su sha ba. Suka ce yaron ne aka ga bai shirya ba, a yi haƙuri, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Saude da kanta ta ɗauko musu kayan sa ranar, ko alawa ɗaya ba a taɓa ba. Shi Ja'afar saƙon murya ya turo wa Munawwara, na daƙiƙa tara. Ya ce ba shi ba ne.

Munawwara ba ta yi kuka a gaban uwarta ba. Sati biyu ta tattara ta tafi Kano wurin jikar gwaggon nan da ta riƙe Saude a da, inda ba a san ta ba. Da za ta hau mota ta ce, "Inna, da kin ce Maikuɗi ne ya rubuta miki." Saude ta ce, "Da na ce." Kwanukan suna nan ƙarƙashin gado.

Yanzu ba mai sayen ƙulinta a ƙauyen. Khadijatu in sun haɗu a rijiya takan gaishe ta da sauri, ta ja hannun Sadiya ta mayar da ita bayanta. Don haka ranar kasuwa Saude kan ɗauki jarkar mai da bokitin ƙuli ta tafi Karaye, ta zauna can ƙarshen layi kusa da rumfar masu tura waƙoƙi, ta ja mayafi har goshi.

Makon jiya suka saki waƙar zoben Challawa a lasifika. Wani saurayi da ke sayen ƙuli a wurinta ya tsaya yana kaɗa kai.

"Kai, tsofaffin nan sun iya waƙa. Baba, kin san mai wannan muryar kuwa? An ce mayya ce, a Gwangwan take."

Saude ta ƙulle masa ledarsa. Ta ɗebo gyara, hannu cike, ta ɗan tsaya tana kallonsa. Sai ta mayar cikin bokiti.

"Ban san ta ba," ta ce. "Na nawa ka ce?"