Ƙugiyar Da Na Sa Saboda Baba

Assalamu alaikum Edita, da masu bibiyar wannan fili. A shekarun da abin nan ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta, ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Garki inda muke gina wa mutane shafukan intanet. Lokacin Abuja tana tashe, duk inda ka waiga gini ake yi, kowane ofishi da kowane mai shago yana son a ce shi ma yana da shafi ko da bai san abin da zai zuba a ciki ba. Ina zaune wurin yayata a Gwarinpa, ranar Asabar kuma in hau mota zuwa Karshi inda iyayena suka koma bayan Baba ya ajiye aiki. Ina da saurin fushi, ga girman kai, kuma bakina bai iya furta cewa abu ya gagare ni ba.

Baba Bakatsine ne, kuma malamin Hausa tun kafin a haife ni. Ba abin da ke ɓata masa rai irin ya ji jikokinsa 'yan Abuja suna cewa kakarsu ya zo, ko ya ga an rubuta ƙasa ba ƙugiya a kan baƙin farko. Bayan ya ajiye aiki sai ya zauna yana rubuta darussa da gajerun labarai don yara irinsu, ni kuma ina buga masa su a kwamfuta. Wata rana ya tsokane ni, ya ce tunda ina gina wa masu sayar da tayil da labule shafi, ashe uban da ya haife ni bai kai a gina masa ba? Yana so yaran birni su riƙa karanta darussan a waya, kuma yana so ya gani da idonsa. Maganar ido ba wasa ba ce a gidanmu, domin likita ya riga ya ce yana da hawan jinin ido, ganinsa yana raguwa daga gefe-gefe. Duk mun sani, amma shi yakan mai da abin raha, ya ce idon ya gaji da kurakuran ɗalibai ne. Na yi masa alkawari nan take, har da bugun ƙirji.

A tsakanin nan ne na sayi sabuwar kwamfutar hannu, na kai ta Karshi don a sa mata albarka. Da na kunna ta a gabansa sai ta nemi sunan mai ita, ni kuma don in faranta masa na buga diyar baba. Ya gyara tabarau, ya matso, ya tambaye ni wa aka kashe da za a biya shi diyya. Ya ce shi ɗiya ya haifa, mai ƙugiya a ka, ba kuɗin fansar rai ba. Mama tana daga madafa tana dariya tana cewa ya ƙyale yarinya ta huta. Na yi ta lalube har na samo baƙin, na gyara sunan ya koma ɗiyar baba. Ya shafa kaina ya ce yanzu kwamfutar ta zama 'yar gida.

A lokacin an fara yayin wata irin manhaja da muke kira ta harhaɗawa. Aikinta shi ne ta tattara rubutu da hotuna da adon shafi, ta haɗa su da kanta su zama shafuka gamammu, maimakon mutum ya zauna yana gina kowanne da hannu. Gaskiya ko da hannun na yi, da na fitar wa Baba da darussan farko cikin yini ɗaya ko biyu, domin haka muka saba yi. Amma ina! Na ce shafin ubana ba zai zama irin na tsofaffin hannu ba, sai da sabuwar hanya. Ogan kamfaninmu kuma ya hana a taɓa aikin gida a kwamfutocin ofis, don haka a tawa zan girka manhajar.

Na buɗe baƙin allon da ake buga umarni, na buga, rubutu ya fara gudu, ina murmushi. Yana kaiwa tsakiya sai ya tsaya, allo ya cika da jan rubutu. Na sake, haka. Na ɗora laifin a kan netwok, na canza layin da ke cikin modem, na je na zauna a harabar wani otal mai intanet mai ƙarfi ina shan lemon da ba na so, duk a banza. Na goge na sake girkawa, na gwada tsohon samfurin manhajar, na gwada sabo, na kashe manhajar tsaro. Na shiga zaurukan da masu irin aikinmu suke tambayar juna, yawancinsu Turawa, ina kwaso umarninsu ina zubawa ba tare da na fahimta ba, har na lalata wasu abubuwan da suke aiki lafiya lau. Ba wanda ya kawo irin matsalata a cikinsu. Jan rubutun kuwa ban taɓa tsayawa na karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba, ina ganinsa raina yake ɓaci in rufe kwamfutar da ƙarfi.

Duk Asabar Baba sai ya tambaya, ni kuma in ce saura kaɗan. Wata rana ya ce in dai nuna masa abin da ya samu, ko yaya yake. Na tura baki na ce ba zai ga rabin aiki ba. Ya ce to, Allah ya taimaka. Daga baya kunyar tambayar ta sa na fara tsallake Asabar, in ce aiki ya yi yawa a ofis. Mama takan kira ta ce babanki yana cigiyarki, har wata rana ta ce ya daina zama da takardunsa da hantsi. Na ji maganar da kunne kawai, hankalina yana kan allo.

A ofishinmu akwai wani abokin aikina ɗan Filato, Kirista, mutum mai barkwanci, irin masu Hausar da ba ruwanta da mace ko namiji. Ruwan sama ya jiƙe masa kwamfuta a kan babur, sai ya ari tawa don ya ƙarasa wani aiki. Don kada ya taɓa mini kaya ya buɗe wa kansa wani sashe dabam, ya sa masa gajeren sunansa. Shi ma manhajar harhaɗawar yake bukata. Ina zaune kusa da shi ya buga umarnin nan da ya hana ni sakat, rubutu ya gudu har ƙarshe, ta shiga tsaf. Na miƙe tsaye ina tambayarsa me ya yi, yana rantsuwa bai yi komai ba. Muka koma sashena muka sake gwadawa, ja ya fito, shi kuma ya sa yatsa yana bin layukan a hankali. Can tsakiya ga sunan da na sa, amma a wurin baƙin farko alamar tambaya ce zaune. Ashe manhajar tana neman inda za ta ajiye kayanta ne, hanyar kuma ta bi ta cikin sunan mai kwamfuta, da ta iso kan baƙi mai ƙugiya sai ta kasa gane shi, ta ɓata. Ya kwashe da dariya ya ce madam, kwamfutarki ba shi da wahala, sunanki ne yana da wahala. Ni ban yi dariya ba. Haushi ne ya kama ni, na ƙugiyar, na waɗanda suka ƙera manhaja ba su san da mu ba, har ma, Allah ya yafe mini, na Baba.

Na buɗe sabon sashe da suna marar ƙugiya, aiki ya tafi. Cikin 'yan kwanaki shafin ya haɗu a kwamfutata, ya yi kyau, manyan baƙaƙe a kan farin fili yadda mai raunin ido zai ji daɗi. Edita, nan ne wurin da yake ci mini rai har gobe. Da na ɗauki kwamfutar a wannan Asabar ɗin na kai masa, da ya gani. Amma na ce a'a, sai na ɗora shi a intanet tukuna, ya buɗe shi da adireshinsa kamar na kowane babban kamfani, ya san 'yarsa ba ƙaramar ma'aikaciya ba ce.

Na ɗora shi a saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe shafuka don duniya ta gani. Da na buɗe sai na ga ɓarna. Duk inda ƙugiya take ta rikiɗe ta zama tarkacen alamomi marasa ma'ana, a wasu wayoyin kuma sai 'yan akwatuna. Darasin da yake koya wa yara bambancin kafa da ƙafa ya zama abin dariya. Abokin aikina ya ce in cire ƙugiyoyin gaba ɗaya, ai ba wanda ya damu da su a Abuja. Na ce ko kusa. Sai ya ce to in ɗauki kwamfutar in kai wa tsoho ya gani haka nan, intanet ba zai gudu ba. Wannan shawarar ma na yi watsi da ita, har na ce masa ya bar shiga abin da bai shafe shi ba. Na koma gidan jiya, ina kiran kamfanin da ke riƙe sabar suna cewa ba daga wurinsu ba ne, ina sake ɗorawa, ina gogewa. Makonni suka shige kafin na gano cewa layi ɗaya ne kacal ya rage, wanda zai gaya wa saba irin baƙaƙen da ke cikin rubutun, sai kuma in ɗora salon rubutun da ya san ƙugiya tare da shafin don wayoyi su iya nunawa. Na yi haka, komai ya zauna daram.

Na isa Karshi bayan la'asar ina ta rawar jiki. Baba yana kan tabarma a baranda. Na yi sallama, ya amsa da fara'a yana kallon wajen ƙofa, alhali ni ina tsaye daga gefensa, amma murna ba ta bar ni na lura ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora masa kwamfutar a cinya na ce ga alkawari. Ya kai fuskarsa dab da allon, ya ja baya, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce yana ganin haske, fari ne ko? Na ce fari ne. Ya ce madalla, in karanta masa. Na ɗaga kai na ga Mama a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, a nan na gane. Na karanta masa darasin farko, yana gyaɗa kai, yana sa mini albarka kamar ba abin da ya faru.

Daga baya Mama ta ja ni ɗaki ta ce ganin ya tafi ne da sauri, yanzu maƙwabci ne yake riƙe hannunsa zuwa masallaci. Shi ya hana a gaya mini, wai kada a tayar mini da hankali ina tsakiyar aiki. Na tambaye ta yaushe ya daina iya karanta manyan baƙaƙe. Da ta faɗa sai na lissafa a raina, na ga a makon da shafin ya haɗu a kwamfutata yana iya karantawa. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba, ita kuma tana cewa in yi haƙuri, haka Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara, amma na san da ƙafata na ƙi zuwa.

Ga 'yan'uwana masu wannan sana'a, ku ji daga bakin wadda ta sha wuya. Idan jan rubutu ya fito, ku danne fushi ku karanta shi layi-layi, sau da yawa amsar tana ciki tana kallonku. Ku bar sunan kwamfuta da na folda da baƙaƙe marasa ƙugiya, ku adana ƙugiyarku don rubutun da mutane za su karanta, a can kuwa kada ku yarda a cire ta. Ku ɗora shafi ɗaya a saba tun da wuri ku ga yadda zai fito, kuma idan abu ya cije, ku kira na kusa da ku ya duba, ba faɗuwa ba ce. Abin da ya fi waɗannan duka, idan tsoho ya ce ku nuna masa abin da ya samu, ku nuna masa a ranar, ko rabi ne, ko ya karkace. Shi ya san abin da yake ji a jikinsa wanda bai gaya muku ba.

Baba yana nan da ransa, alhamdu lillahi, shafin ma yana nan, yara suna shiga. Yanzu shi yake faɗa ni ina bugawa, ba na kuma tsallake Asabar. Ina kewar idonsa fiye da yadda zan iya rubutawa, ina kewar a duba aikina a ce ban iya ba. Duk lokacin da na ɗora sabon darasi sai ya tambaye ni ko ya fito da kyau, in ce ya fito da kyau, Baba. Sai ya ce to, tunda ke kika gani.