Turken Dokin Baba

Damina biyu da suka wuce ɓarayin shanu suka shiga garken mahaifina a Beli. Suka kora shanun, suka haɗa da dokinsa, wani ja mai farin goshi da ya raina tun yana ɗan duƙushi. A kan shanun, Baba ya ce Allah ya mayar da alheri, bai sake ɗaga maganar ba. Dokin ne ya kasa bari. Duk ranar kasuwa sai ya saɓa sandarsa ya tafi kara, yau Rogo gobe Karaye, yana bin dabbobin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ga shi gwiwa ta riga ta ci amanarsa. Sau biyu ana dawo da shi a kan babur, ƙafa a kumbure.

A gidanmu, in doki ya mutu ko ya bar gida, mai shi ne ke tuge turkensa da hannunsa, ba wani ba. Turken yana nan a tsakar gida, Baba na share gindinsa kowace safiya. Inna ta yi magana har ta gaji. Ni na yi faɗa, don ni ce mai baki a gidan, daga baya faɗan ma ya fita raina. Sai in zo daga Karaye inda nake aure, in gaishe shi, in kalli turken, in koma. Ba na jin haushi, ba na jin tausayi.

Wata rana na zo da fim a wayata. Mai tura finafinai a bakin tasha ne ya sa mini, ya ce na doki ne, na Turawa, an yi masa fassarar Hausa. Ban kalla ba kafin in taho, kuskurena ke nan. Na dai ce tsoho zai ga doki, ya yini a zaune. Bayan azahar muka zauna a gindin mangwaro, na jingina wayar da buta.

Labarin wata mata ce da sojoji suka ƙwace wa doki lokacin yaƙi. Fim ɗin bai burge ni ba, har yau kuma bai burge ni ba. Mutane na zubewa kamar ɗanyen mangwaro a iska, ba wanda aka tsaya aka nuna fuskarsa, amma da dokin ya yi tuntuɓe sai a saki kiɗan tausayi. Shekara uku dokin yana cikin wutar yaƙi, ko haƙarƙarinsa ɗaya bai fito ba.

Baba ya ce, “Wa yake ba shi kanwa?”

“Ba su nuna ba, Baba.”

“Harawa fa?”

“Ita ma ba su nuna ba.”

Ya ce hmm, ya ci gaba da kallo.

Can wajen ƙarshe na gane inda aka dosa. Ga dokin yana tahowa shi kaɗai a kan hanya, ga matar ta fito ƙofar gida da gudu. Na san gobe kasuwa, na san abin da wannan zai sa Baba ya yi. Na kai hannu zan kashe, ya riƙe mini hannu. Ya kalla har ta rungume wuyan dokin.

Sai ya ce, “Mayar da shi farko.”

Na mayar. Ya matso da fuskarsa dab da wayar. Ya sa na sake kai shi ƙarshe.

“Wannan ba nata ba ne,” ya ce. “Wanda aka tafi da shi yana da fari a ƙafar baya ta hagu. Wannan babu. Kunnen ma ba ɗaya ba.”

Na duba, haka ne. Na ce, “Baba, haka suke yi. Dawakai da yawa suke sawa a matsayin ɗaya. Wasa ne.”

Bai saurare ni ba. “Wanda ya raini doki ba ya kasa gane shi,” ya ce. “Ta gani sarai. Gajiya ta yi.”

Wayar ta yi duhu da kanta. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya je wurin turken, ya kama shi da hannu biyu, ya tattaro ƙarfinsa. Ashe gara ta cinye gindin tuntuni. Turken ya biyo hannunsa ba wani ja, har sai da Baba ya yi taga-taga kamar zai faɗi. Ya ajiye shi a bakin murhun Inna, ya shige ɗaki.

Na jira in ji daɗi, ban ji ba. Na cusa wayar a jaka, na kama hanyar Karaye kafin la'asar ta yi sanyi.

Bai sake zuwa kara ba. Bayan mako na kira Inna na tambaye ta jikinsa. Ta ce ƙafar ta saɓe, alhamdu lillahi, yana cin abinci. Sannan ta ce har yanzu da safe yana share bakin ramin.