Maɓallin Dama da Takardar Gwaram

Shekara goma sha tara na yi ina dukan tafireta kafin a ajiye mini kwamfuta a gaba. Na ce duka, don duka ne. A ofishinmu na aikin gona da ke Birnin Kudu, kowace takarda kofi biyar ake yi mata, takardar kabon huɗu a tsakani, kuma in ba ka sauke yatsa da ƙarfi ba, kofin ƙarshe sai ya fito fari tas. Tun muna ƙarƙashin Kano nake wannan aiki, aka zo aka yanke mana Jigawa ina kan kujerata. Hannuna ya saba. Har yau in na ƙwanƙwasa ƙofar mutum sai ya fito a firgice.

A wancan lokacin Inna, mahaifiyata, tana kwance a ɗakina, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. Daga ofis zuwa gidana tafiyar minti goma ce a ƙafa. Kullum in an fita sallar azahar sai in zura takalmi in je in juya ta, in canza mata zane, in ba ta kunu, in dawo. Likita ya ja mini kunne cewa in aka bar ta a gefe ɗaya bayanta zai yi gyambo, kuma irin wannan gyambon ba ya jin magani. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu ba mu gan shi ba. Yara suna makaranta. Ita kuma Inna, da ciwon da komai, ba ta yarda kowa ya buɗe mata jiki sai ni.

Da rani aka kawo kwamfutar, tare da wani mutum daga Dutse da muke kira Injiniya, mai zuwa mana duk Alhamis. Shi ya zuba mata manhajar rajistar manoma. Aikina shi ne in kwashe sunayen da malaman gona suka rubuto a fom daga ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, in shigar da su kafin ruwan farko, don duk wanda sunansa bai shiga ba, ba shi ba iri, ba shi ba taki. Bugun haruffan bai dame ni ba ko kaɗan, yatsuna sun san gidan kowane harafi ko ido a rufe. Abin da ya zame mini ƙarfen ƙafa shi ne maus, ɗan abin nan mai igiya da ake turawa a kan tebur.

Ga yadda abin yake. In ka gama rubuta sunan manomi, sai ka danna maɓallin dama na maus, wani ɗan jeri ya fito da ake ce wa menu, a ciki ka zaɓi mazaɓa, ka zaɓi a ajiye. To, a kan wannan maɓallin daman dai akwai wani aiki na biyu da Injiniya yake ji da shi. In ka danne maɓallin ka ja hannu hagu, shafi ya koma baya. In ka danne ka ja ƙasa, shafin ya rufe ruf, ba tambaya, ba sallama. Shi yana kiran wannan zane. Sai ya kishingiɗa a kujera yana wulla hannu, shafuka suna buɗewa suna rufewa, mutanen ofis suna ta "kai, kai, kai!"

Teburina kuwa fomika ce, santsi kamar faranti. Ni kuma ga hannun kabon huɗu. Ina sauke yatsa a maɓallin dama, maus ɗin sai ya zame ƙasa kaɗan, ita kuma na'urar ta ɗauka zane na yi. Maimakon menu ya fito, sai shafi ya ɓace da duk abin da ban ajiye ba. Ranar farko sau bakwai. Wani tsoho daga Surko, sau huɗu na rubuta sunansa da na ubansa da gonar dawarsa, sau huɗu yana ɓacewa, har na fara jin kunyarsa alhali ban taɓa ganinsa ba.

Na shimfiɗa fayil a ƙarƙashin maus ɗin, ya zame. Na sa ɗankwalina, igiya ta sarƙe. Na riƙe numfashi ina dannawa a hankali kamar mai cire wa jariri ƙaya, sai ya yi sau goma lafiya, da aiki ya yi zafi na manta, hannu ya koma halinsa.

Ranar Alhamis da Injiniya ya zo na gaya masa. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Hajiya, na'ura ba ta kuskure. Hannunki ne."

Na ce, "Na ji, hannuna ne. To, ba a iya raba su? Menu a wani wuri, zanenka a wani wuri?"

Ya yi dariya ya ce haka aka ƙera ta, kuma kada in kuskura in shiga wurin saiti, don ba wurin wasan masu tafireta ba ne. Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Mutumin da lokacin da na fara aiki ko wando bai iya ɗaurawa ba! Na haɗiye, don ina da abin da nake tsoro.

Abin da nake tsoron bai daɗe ba ya iso. Shugaban ofishinmu, wani Alhaji mai son babbar riga, ya kira ni. Ba mugu ba ne, amma duk abin da mai takardar digiri ya faɗa masa ya zauna. Ya ce an gaya masa ba zan iya da na'ura ba, aiki yana baya, ga damina tana matsowa. A ƙaramin ofishinmu na Gwaram har yanzu tafireta ake amfani da ita, can zan fi amfani, a kawo wani nan.

Na ce, "Yallaɓai, ka san halin da Inna take ciki."

Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Sai ki tafi da ita."

In tafi da ita ina? Matar da ko zama ba ta iya yi, in ɗora ta a mota, in raba ta da likitanta, in kai ta ɗakin haya a garin da ban san kowa ba? In kuma na bar ta ina jeka-ka-dawo, wa zai juya ta da azahar? Na fito daga ofishinsa ban ko ja masa ƙofa ba. Ina fita na jiyo shi yana cewa ya ba ni mako guda ya gani.

Washegari tun kafin masinja ya gama shara na iso. Aka ta da janareta, na zauna, na shiga wurin da aka ce kada in shiga. Turancina na wasiƙun gwamnati ne, amma Turanci ne. Na bi shafukan saitin nan ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa da yatsa a kan gilashi, ina rubuta yadda na tarar da kowane abu a bayan wani tsohon ambulan, don in na ɓata in iya mayarwa. Kwana biyu ina wannan laluben da sassafe. A rana ta uku, can ƙasan wani shafi, na ga layin da ke tambaya a fili: da me kake so menu ya riƙa fitowa? Ga maɓallin dama, ga na tsakiya, ga kuma wurin da za ka zaɓi duk maɓallin da ka ga dama a kan allon haruffa.

Na daɗe ina kallon layin nan. Ashe waɗanda suka ƙera abin sun san akwai masu hannu irin nawa! Ashe tun farko tambayata aka yi, wani ya amsa a madadina. Na zaɓi wani maɓalli a layin sama da ba a amfani da shi, na danna shi da duk ƙarfina. Menu ya fito ya tsaya cak. Na sake dukansa, ya sake fitowa. Sai na ji ina dariya ni kaɗai, masinja ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Zanen Injiniya ban taɓa masa ba, yana nan a maɓallin dama yadda ya bar shi. Ni dai na ɗauke nawa na kai inda yatsuna suke. Kafin Alhamis na gama Surko, na gama Sundimina, na fara Zandam. Ko maus ɗin ban ƙara kamawa ba, na tura shi gefe kusa da kofin shayi.

Alhamis Injiniya ya zo da hantsi, ya zauna, ya danna dama, menu bai fito ba. Ya juyo ya dube ni. Na ce, "Yana layin sama, maɓalli na tara. Ni na mai da shi." Bai tambayi fom nawa na shigar ba. Ya sha mur, ya mai da komai yadda yake, ya shige wurin Alhaji. Ina jiyo shi yana cewa an yi wa kayan gwamnati katsalandan, in na'ura ta lalace ba ruwansa, yau maɓalli ne gobe ba a san mene ne ba.

Jim kaɗan masinja ya kawo mini takarda da rubutun hannun Alhaji, wai a buga. Duk wasiƙar da ke fita daga ofishin nan ni ke buga ta, don haka ba wanda ya tsaya ya yi tunani. Na karanta. Takardar canjin wurin aikina ce zuwa Gwaram.

Tabɗi! Ni za a ba in buga wa kaina? To, bismilla. Na ja tsaki, na je kusurwa na yaye wa tsohuwar tafiretata mayafi, na jera farar takarda biyar da kabon huɗu, na zauna. Ban taɓa dukanta irin na ranar ba. Ofis ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙararta. Aka kira azahar ina ji, mutane suka fita suka dawo, ban tashi ba, don na san in na fita na dawo zan tarar an ba wani ya ƙarasa, an sa hannu. Na zare takardun, ba kuskure ko ɗaya, na shiga na ajiye su a gaban Alhaji. Injiniya yana zaune a gefe.

Alhaji ya ɗauki biro. Na ce, "Yallaɓai, kafin ka sa hannu. Kai da za ka kore ni a kan maɓallin nan, ka taɓa danna shi?"

Ya ce, "Hajiya, ba korarki aka yi ba."

Na ce, "Sunan da ka ga dama ka ba shi. Taso ka danna sau ɗaya, ka zaɓa wa mutum ɗaya mazaɓarsa. In ya yi maka, da ƙafata zan tafi Gwaram."

Ban taɓa yi masa magana haka ba, shi ma ya sani. Ina jin kunyar idon mutanen da suka taru a bakin ƙofa ce ta tashe shi. Ya zo ya zauna a kujerata, ya saɓa hannun babbar rigarsa a kafaɗa, wata shadda mai nauyin aiki. Na buga sunan wani manomi na Zandam, na ce to, danna dama. Ya miƙa hannu, ya danna. Daidai nan hannun rigar ya sulluɓo daga kafaɗa ya faɗo masa a dantse, hannunsa ya ja ƙasa, shafi ya rufe.

Ya ce, "Af! Ina ya tafi?"

Na ce, "Inda nawa suke tafiya."

Na sake bugawa. Ya sake saɓa riga, ya danna a hankali, yana danne da maɓallin ya juyo zai tambayi Injiniya abin da zai zaɓa, shafi ya koma baya. Wani a bakin ƙofa ya kasa riƙe dariya.

Injiniya ya ce, "Yallaɓai, sai ka naɗe rigar sosai, ka tsai da hannu."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "In tuɓe riga saboda na'ura?"

Ban jira izini ba. Na sunkuya ta gefensa, na shiga saitin a gaban kowa, na mai da menu layin sama. Na ce ya danna can. Ya sa yatsa ɗaya ya danna, menu ya fito ya tsaya yana jiransa. Ya zaɓi Zandam da kansa. Sannan na buɗe masa jerin waɗanda na shigar a makon, ya yi ta gangarawa bai kai ƙarshe ba.

Ba wanda ya ba ni haƙuri, kada ma a yi zaton haka. Alhaji ya tashi ya gyara riga, ya ce, "Injiniya, bar mata maɓallinta." Ya koma ofis ina biye, ya jefa takardun nan biyar a aljihun tebur, ya ce suna nan, in ruwan farko ya sauka ban gama rajista ba, to zai sa hannu.

Na ce, "Yallaɓai, tawadar biron nan za ta bushe tana jira."

Na ɗauki mayafina na fita. Sai a hanya na ga yadda rana ta karkata, la'asar ta kusa. Na yi gudu, mace da girmana, takalmi a hannu.

Na tarar da Inna yadda na bar ta tun safe, fuskarta ga bango. Zanenta ya jiƙe. Na juya ta ina ba ta haƙuri, na duba bayanta, wuri ya yi ja kamar faɗin tafin hannu, amma fata ba ta fashe ba. Na wanke ta, na shafa mata mai, na ɗumama kunu. Ban taɓa gaya mata zancen Gwaram ba, ashe yara sun ji ina faɗa wa maƙwabciya sun kai mata. Ta kama bakin zanena da hannunta mai lafiya, ta yi ta ƙoƙari da bakin nan da ya karkace har maganar ta fito.

Ta ce, "Na zaci sun tafi da ke."

Cokalin kunu yana hannuna. Na ajiye shi na share mata ido, na share nawa, na sake ɗauka.

Na ce, "Ba inda za ni, Inna. Buɗe bakinki, zai huce."