Injin da Ba Ya Cewa Babu

Affan mutum ne da ba a aikensa cefane, don in ya rasa irin tattasan da aka ce, sai ya zagaye kasuwar New Bell kaf. A wani kamfanin manyan motoci a unguwar Bassa yake aiki, kuma shi ya ƙirƙiro musu ɗan yaren kwamfuta da suke tace saƙonnin direbobi da shi. Ya ɗora masa sashen bincike, wanda masu sana'ar ke kira regex: ka ba shi siffar abin da kake nema, misali haruffa biyu da lambobi uku, ya bi rubutu ya zaƙulo maka.

Sai dai injin binciken nan ya ɗauko halin mai shi. In hanya ta toshe, ya koma mararrabar baya ya gwada wata. In abin babu shi, haka zai yi ta komawa har kwamfuta ta ɗau zafi, aiki ya tsaya cak.

"Mon frère, ɗan'uwana, ka sa masa iyaka," in ji Bukar, maigidansa a ofis. "Ya gwada, ya gaji, ya ce babu. In ba ka iya ba, in nemo wani."

Ya iya mana, layi ɗaya ne. Amma ƙanwarsa Kausar ta fita zuwa unguwar Ndokoti tun yana makaranta, ba ta dawo ba. Dangi sun haƙura, ban da shi da mahaifiyarsu, Inna Delu. A gida ya ba injin sunan Kausar da kamanninta, ya sake shi cikin tsofaffin jaridu da cigiyoyi. Bai faɗa wa kowa ba. Wata da watanni kwamfutar tana huci a ɗakinsa, shi kuwa hucin nan ke kwantar masa da hankali.

Ranar Asabar bayan azahar, ana ruwa, ya tuna aikin nan shi ke ciyar da gidan. Ya rubuta layin iyakar, ransa ba ya so. Nan take allon ya nuna: babu. Hucin ya ɗauke.

A rumfar tsakar gida ma dakan da Inna take yi ya tsaya. Ita ko waya ba ta iya latsawa.

"Affan," ta kira. "Wa ya ce ka sallami Kausar? Ta fa zo har bakin ƙofa, yanzu ta juya."