Miyar Ganyen Dankali a Tabarmar Ciyayya

A unguwarmu, can ƙasar Bebeji, magidanta ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an idar da Magariba kowa zai fito da kwanonsa ƙofar gidan wani Alhaji mai gonar rake, a shimfiɗa tabarma, a jera kwanuka a tsakiya, a ci ɗaya bayan ɗaya. Ciyayya ke nan. Na tashi na gan ta, na tafi yawon duniya da babbar mota na bar ta, na dawo da furfura na tarar tana nan. Baƙo daga birni in ya gan mu yakan ce zumunci ya rage a ƙauye. Ni kuwa na ga abin da tabarmar nan ta yi wa mutum.

Abin da baƙo bai sani ba shi ne, kwano yana komawa cikin gida da labari. Matar da ta yi girki takan buɗe murfi ta duba. In an cinye an suɗe, ta kwana da farin ciki. In an rage kaɗan, ba laifi, ɗumamen safe ne. Amma in malmala ta koma yadda ta fito, ba sawun yatsa ko ɗaya a jikinta, to an yi mata magana, kuma kafin azahar ta gobe matan unguwa duk sun ji.

Maƙwabcina na katanga mai faci ne, yana da rumfa a bakin titi, da 'yar gona a tudu da wani yanki a fadama. Wata shekara tsutsa ta cinye masa masara, dawa ta yi rabi, sai dankalin da ya dasa a fadama ne ya yi yabanya har ya rufe kunya. Gidan ya shiga matsi irin wanda ba a faɗa. Kuka ta ƙare, busasshiyar kuɓewa ta ƙare, shi kuwa dole kullum ya fito da kwano, don magidancin da ya zo tabarma hannu sake ya zama abin tausayi, kuma a garinmu gara a zage ka da a ji tausayinka.

Matarsa 'yar wajen Doguwa ce, mai ƙarancin magana. Maiɗakina ce ta ba ni labarin yadda abin ya faro. Wai tana yanka wa awaki ganyen dankali sai ta tsinki toho ta tauna, ta ji ba ɗaci, har da ɗan yauƙi. Ba wanda ya koya mata. Ta zaɓi ganye masu taushi ta yanka siri-siri, ta daka gyaɗa, ta sa daddawa da attaruhu da ɗan manja, ta marmasa ƙananan busassun kifin nan na Bagauda a ciki. Tuwon kuma ta surka garin dawa da garin busasshen dankalin bara don ya yi auki.

Ranar da kwanon ya fara fitowa, loma ɗaya na yi na gane. Na ci irin miyar nan a tashar mota a Konakiri, a hannun matan Fulani, bisa shinkafa. A Saliyo kuwa na ga ma'aikata da takalma masu sheƙi suna bin layi a kanta. Tata ta fi tasu kauri, don su manja suke ambazawa, ita kuwa gyaɗa ta riƙe mata. Na ci gaba da ci. Kowa ma ci yake. Aka share kwanon tas, Alhaji mai rake ya bi gefen da yatsa, sannan ya ce, "Kai mai faci, wannan ba alayyahu ba ne, ba kuma rama ba. Wane ganye ne?"

Mai faci ya washe baki, don bai taɓa jin Alhaji ya tambayi girkin gidansa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ganyen dankali ne."

Alhaji ya dubi yatsansa kamar ya taɓa ƙazanta, ya jawo buta ya wanke hannu a tsakiyar cin abinci.

"To madalla," in ji shi. "Gobe sai a haɗo mana da dusa da kanwa, a kuma ɗaure mu a turke."

Wani daga ƙarshen tabarma ya yi kukan akuya. Dattawa, masu jikoki, suka kwashe da dariya har ɗaya ya ƙware.

Daga ranar kwanon mai faci ya zama saniyar ware. Ba wanda ya ce a ƙaurace masa, ba a yin haka da baki a wurinmu. Alhaji ne ke jawo kwanon da za a fara, sai kawai ya riƙa tsallake wannan, sauran kuma su bi. Na riƙa jawo shi gabana ina ci, amma tsoho ɗaya mai rabin haƙora ba ya cinye tuwon magidanta. Kuma cin nawa bai wanke shi ba, ƙara masa ya yi.

"Ai Baba direba ba a kafa hujja da shi," in ji Alhaji. "Mutumin da ya je inda ake cin kwaɗo."

Na ce, "Na je, Alhaji. Na kuma je inda mutum in ya ci abu ya ji daɗi ba ya komawa ya ce bai ji ba. Kai ne ka suɗe kwanon nan da yatsa, ina zaune."

"Yaudarata aka yi."

"Harshenka aka yaudara ko cikinka? Zogalen da kake ci akuya ba ta ci? Tafasa fa? Gyaɗar da ake maka ƙuli da ita, harawarta wa ake ba?"

Ya ce, "Mu dai abin da muka tarar iyayenmu suna ci muke ci."

Wannan magana ta fi komai ɓata mini rai, don ƙarya ce tsagwaronta. Ina da wayo lokacin da tsofaffi ke ƙin tumatirin gwangwani. Na ga zuwan taliya, na ga zuwan awara, na ga wannan Alhajin da kansa yana tsoma burodi a lemon kwalba a inuwar rakensa. Duk abin da ya zo a mota daga birni, da leda da rubutu a jiki, karɓa muke da hannu biyu. Abin da mace ta ƙirƙiro a bayan katanga da basirarta, don ta rufa wa mijinta asiri, shi ne abin dariya. Na zauna da Larabawa da Barebari da Ashanti, kowa da nasa girman kan, amma ban ga inda mayunwata ke raina abinci kamar garinmu ba. Rabin masu dariyar nan, a wannan shekarar, gaya suke ci da ruwan kuka tsararo.

Maiɗakina ta ce matar takan karɓi kwanon ta buɗe, ta rufe, ta ajiye a gindin turmi. Wata rana ta samo kuka a wurin 'yar'uwarta ta yi miya irin ta kowa. Nan ma aka tsallake. Wani ya ce wa ya san abin da aka niƙa a ciki. A bakin rijiya kuma mata suka fara tambayarta ko awakinta sun samu ragowa.

Sai mai faci ya daina fitowa. Ni ma na ɗauki kwanona na kai ƙofar gidansa, muka riƙa ci mu biyu a kan buhu, muna jin hayaniyarsu daga can. Ni abin bai dame ni ba. Shi kuwa yana ci yana waiwaye.

Yana da dalili. A tabarmar nan ake yanke komai na unguwa. Nan ake sa ranar gayya, nan ake sanin wa zai ba da aron shanun huɗa, wa zai yi suna, wa za a je wa gaisuwa. Wanda ba ya tabarma ba a kore shi ba, mantawa kawai ake da shi. Da dankalinsa ya isa tono ya aika gida-gida yana neman gayya. Kowa ya ce in Allah ya yarda. Da safen na je fadamar da sandata, na same shi shi kaɗai da fartanya, ga kunya jere har gaba, ga tukunyar kunu da aka dama don jama'a tana hucewa a gindin giginya. Ni ba na iya sunkuyawa. Na zauna ina tsince masa abin da ya tono.

Bayan wannan ne limamin unguwa ya shiga tsakani. Mutumin kirki ne, amma irin masu sulhun nan ne da kullum ƙarami ke ba da haƙuri. Ya ce ba haramun ba ne, ya duba bai ga inda aka hana ba, sai dai zaman tare ya fi miya. Sharaɗi biyu: a daina girka ganyen, mai faci kuma ya je ya ce wa dattawa su yafe masa, tunda ya ciyar da su abin da bai sanar da su ba.

Na ce wa mai faci, "Kada ka je. Me ka yi musu? Ciyar da su ka yi."

Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Baba, kai ka ga duniya, ka iya zama kai kaɗai. Ni ban taɓa wuce Zariya ba. Mutanen nan su za su ɗauki gawata."

Har yau maganar nan tasa tana cina.

Ya je. Daga zaurena na hango shi ya durƙusa a gefen tabarma, kwano a gabansa, da kukar aro a ciki. Alhaji ya ce ba komai, ai ɗan'uwa ne, dama wasa ake yi. Ya jawo kwanon da kansa aka fara da shi. Aka ce ya yi loma biyu ya ce gishiri bai ji ba. Kwana kaɗan bayan haka mutane suka fita suka ƙarasa masa tonon abin da ya rage, wanda ƙwari ba su riga su ba.

Liman ya zo wurina ni ma, ya ce saura ni. Na ce ya gaishe su, ni haƙorana sun yi rauni, ba na iya cin abinci cikin mutane. Ya san ba gaskiya ba ne, na san ya sani, muka yi musafaha ya tafi. Tun daga nan a zaure nake ci. Mai faci yakan leƙo ya gaishe ni da kwanonsa a hannu, ya wuce da sauri.

Da damina ta zagayo dankali ya sake yabanya, na ce wa maiɗakina ta shiga ta roƙi matar ta nuna mata yadda ake haɗa miyar, a riƙa yi mini a gida, ba wanda zai sani. Ta shiga ta jima, ta dawo hannu sake. Ta ce matar ta ce a gaishe ni da kyau, ta gode da cin da na yi, amma ita ba ta ƙara ɗora wannan tukunyar, ko don wa.